Ƙwayoyin da Na Sayo wa Yayana ta Waya

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda in ba wani ya tuna mini ba, ba na iya kawo su a raina. Amma ranar da yayana ya tsayar da motar fasinja a bakin wata gada a kan hanyar Yagwa, ya kifa kansa a kan sitiyari, ita kam ba za ta fita daga zuciyata ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Shekaru sun ja yanzu, na yi aure, na haihu, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalina, amma in na ji ƙugin babbar mota tana sauya giya, sai in ji kamar yau abin ya faru. Abin da ya sa ba zan manta ba shi ne, da hannuna a ciki.

Mu 'yan Garwa ne, a nan aka haife mu. Kakanmu ne ya zo daga Kano da fataucin goro, garin ya karɓe shi, ya yi zamansa. A gida Hausa muke yi, in mun fita kasuwa mu juya harshe zuwa Fulatanci, a makaranta kuma Faransanci. Mu shida ne a wurin Inna. Yaya ne babba, ni ce auta, tsakaninmu shekara goma sha huɗu. Ina aji uku na firamare Baba ya rasu, Yaya ya ajiye littafi ya koyi tuƙi, shi ya riƙe gidan, shi ya tsaya mini har na gama sakandare. Daga baya na buɗe ɗan shago kusa da ofisoshin gwamnati, ina buga wa mutane takardu da na'ura ina yi musu kwafi. Tun daga nan na zama idon gidanmu. Wasiƙa daga ofis, takardar asibiti, wayar da ta ƙi aiki, duk magana ɗaya ce: "A kai wa Auta." Ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi. Na saba da a ce na sani, har na manta yadda ake cewa ban sani ba.

Yaya kuwa ya kusa shekara ashirin yana jan babbar motar wani kamfanin sufuri, irin mai cin mutum saba'in, tsakanin Garwa da Yagwa. Mutum ne dogo, mai jiki, mai sanyin hali. Tsofaffi kan zo tasha su tambayi ranar da motarsa za ta tashi, su ce su tasa za su jira, don ba ya gudu, ba ya tsere da kowa. Sai dai rayuwar hanya ta tara masa jiki. Da safe shayi mai kaurin madara da sukari, a kowane zango tsire, a Yagwa gasasshen kifi da shinkafa, ga lemon kwalba mai sanyi saboda zafi. A hankali tumbinsa ya kai har yana gogar sitiyari. Mu dai dariya muke yi, muna cewa alamar hutu ce.

A shekarar da nake ba da labari, wata motar wani kamfani daban ta yi mummunan haɗari, aka ce direban ne ya yanke jiki yana tuƙi. Sai mai kamfanin su Yaya ya ce dole kowane direba ya je likita ya duba shi, ya sa masa hannu, kafin a ci gaba da ba shi makulli. Da aka auna Yaya, aka tarar jininsa ya hau sosai, nauyinsa kuma ya wuce kima. Likitan ya ba shi maganin hawan jini da wata takarda mai bayanin abin da zai ci da abin da zai bari, ya ce ya dawo bayan wata uku. In an ga sauƙi zai sa hannu, in ba a gani ba, ba zai sa ba. Yaya ya ji wani direba yana zancen ƙwayar da ke kashe yunwa, sai ya tambaya. Likitan ya ce masa, "Akwai ta, amma ba taka ba ce. Mai irin jininka ba a ba shi ita."

Wata guda ya wuce. Yaya ya yi ƙoƙari, ya rage sukari, ya bar lemon kwalba, amma da ya hau sikeli bai ga wani abin kirki ba. Wata rana da la'asar ya shigo shagona, ya zauna a kan bencin da masu jiran takardu ke zama, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya daɗe yana kallon na'urar kwafi tana fitar da takarda, sannan ya ce, "Auta, in suka karɓe makullin nan, me zan yi? Ni ban iya komai ba sai tuƙi. Yara bakwai, ga Inna."

Da na ji haka, sai na ji kamar lokacin sakayya ne ya zo. Mutumin da ya bar makaranta don ni in yi, yau ga shi a gabana yana neman mafita. Na ce, "Bar mini wannan, Yaya. Ai duniya yanzu a cikin waya take."

Ban sha wahalar nema ba. Na rubuta kalmomi biyu uku, sai ga shafuka kamar ana jirana. Ɗaya ya fi jan hankalina: hoton wata mata sanye da farar rigar likitoci, ga hotunan mutane kafin su sha da bayan sun sha, ga saƙonnin godiya rututu, Faransancinta kuwa tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Wannan tsabtar rubutun ce ta fara sayen zuciyata, don ni mai buga takardu ce, ina ganin wanda ya iya rubutu ba zai zama macuci ba. Na tura mata saƙo, kafin in ajiye wayar ta amsa, tana kirana 'yar'uwarta. Na tambaye ta ko sai da takardar likita, wadda mu a nan muke ce wa ordonans. Ta ce ba dole ba ne, likitoci ɓoye maganin suke yi don mutane su yi ta zarya wurinsu. Na gaya mata mai shan yana da hawan jini. Ta ce, "To ai shi ya fi kowa buƙata. Ƙiba ce ke hau da jini, in ta sauka shi ma zai sauka." Maganar ta zauna mini daidai, saboda ita ce amsar da na shigo nema.

Na tura kuɗin ta waya. Bayan kwana biyar ƙunshin ya iso daga kudu, kuma abin mamaki a motar kamfanin su Yaya aka kawo shi. Kwali ne mai sheƙi, da rubutun wani harshe da ban iya karantawa ba, da 'yan kalmomin Ingilishi. A ciki akwai ƙwayoyi rabi kore rabi fari. Babu 'yar takardar nan mai ninki da ake samu a cikin kowane kwalin magani, babu adireshin wanda ya yi shi. Na lura da haka, wallahi na lura. Kuma a tsallaken titi, daidai ƙofar shagona, akwai kantin magani, mai shi dattijo ne da muke gaisawa kowace safiya. Taku ashirin ne tsakaninmu. Ban tsallaka na nuna masa ba, kuma na daɗe ina gaya wa kaina wai aiki ne ya yi mini yawa a ranar. Gaskiyar ita ce na san abin da zai ce, ban kuma so in ji ba.

Yaya ya karɓa da hannu biyu. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, ko Inna ko matarsa, wadda muke kira Adda. Ya ce a bar su a kan cewa abinci kawai ya rage.

Mako biyun farko kamar sihiri. Yunwa ta ɗauke masa gaba ɗaya. Adda ta fara ƙorafin tuwo yana dawowa yadda ta kai shi. Ya ƙara huji a bel ɗinsa, sannan ya ƙara wani. Abokan aikinsa suna ta zolayarsa wai zai koma saurayi. Ni kuwa ina tafiya ina jin kaina a sama. Inna ce kaɗai ba ta yi murna ba. Wata Juma'a da ya zo gaishe ta, bayan ya fita ta bi bayansa da kallo, ta ce, "Wannan ramar ba ta lafiya ba ce. Dubi idonsa." Na yi dariya na ce, "Inna, zamani ne ya zo da haka." Ta ce, "To, Allah ya sa." 

Alamu kam sun zo, ba za a ce ba su zo ba. Bakinsa kullum a bushe, yana ta kwankwaɗar ruwa. In ya ɗauki kofin shayi sai ka ga yana rawa a hannunsa. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya daka wa 'yarsa tsawa a kan ta zubar da ruwa, har yarinyar ta kwana biyu tana gudunsa. Wata safiya Adda ta biyo ta shagona daga kasuwa, ta ajiye kwandonta, ta ce, "Auta, ke da kika san takardun asibiti, yayanki ba ya barci. In na sa hannu a ƙirjinsa zuciyarsa bugawa take kamar ganga. Ko maganin hawan jinin ne bai karɓe shi ba?" Na ce zan bincika. Tana fita na rubuta wa matar shafin. Ta ce in kwantar da hankalina, alamar magani yana aiki ke nan, kitse ne ke narkewa, ya ƙara shan ruwa kawai. Ta ƙara da cewa kada a tsaya a tsakiya, gara in sayi kwali na biyu tun na farko bai ƙare ba. Na saya. Na kuma je na gaya wa Adda cewa zafin gari ne, zai wuce. Cikin duk abin da na yi, wannan ƙaryar da na yi wa Adda ido da ido tana cikin waɗanda suka fi ci mini rai.

Ranar da abin ya faru cikin watan Afrilu ne, lokacin da zafin Garwa ke sa kwalta ta yi laushi. Ana sunan jikar gwaggonmu a Yagwa, Inna ba ta iya doguwar tafiya, aka ce ni in wakilci gida. Na shiga motar Yaya da safe, aka ba ni kujerar da ke bayan direba, gatan ƙanwar mai mota. Kwali na biyu ya iso kwana ɗaya kafin nan, yana cikin jakata, na yi niyyar in ba shi in mun sauka. Kusa da ni wata dattijuwa ce daga mutanen duwatsun arewa, Kirista, da ɗan gicciye a wuyanta, za ta sayo busasshen kifi da shinkafa. Hausarta irin ta kasuwa ce, tana haɗawa da Fulatanci. Ta buɗe ƙullin gyaɗa ta miƙo mini, muka yi ta hira a kan tsadar kaya.

Shekarun nan tsaro ya taɓarɓare a can arewa, shingayen jandarma sun yi yawa a hanya. A kowane shinge sai kowa ya sauka ya nuna katinsa, a taka a ƙasa a wuce, sannan a koma mota. A shinge na biyu na tsaya kusa da Yaya. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun yi fari, yana ta murza bayan wuyansa. Na ce, "Yaya, lafiya kuwa?" Ya ce, "Kaina ne ke ɗan sarawa. Zafi ne. Shiga mu tafi." Na shiga.

Mun wuce garin Figil da kamar rabin awa, hanya ta fara gangarawa zuwa wata ƙaramar gada a kan busasshen rafi. Gadar ƙunci gare ta, ga wata tirela ɗauke da auduga tana tahowa daga ɗaya ɓangaren. Ina kallon Yaya ta madubin da ke sama da kansa. Sai na ga hannunsa na hagu ya zame daga kan sitiyari ya faɗi a cinyarsa, kamar ba nasa ba. Ya yi ƙoƙarin ɗaga shi, bai ɗagu ba. Na ji ya ce, "Innalillahi," da wata murya mai nauyi, kamar bakinsa cike da abu. Motar ta karkata zuwa tsakiyar titi. Mai tirela ya danna oda bai saki ba. Yaya ya danne sitiyari da ƙirjinsa, ya kai hannun dama ya sauke giya, injin ya yi wani irin ƙugi, ya sake saukewa, sannan ya fizgo motar zuwa dama. Muka sauka daga kwalta muka hau tsakuwa, kaya suna zubowa daga sama, mata suna salati, wasu suna kiran Yesu, yara suna tsala ihu. Motar ta yi ta ja har ta tsaya. Tsakanin tayar gaba da bakin ramin gadar bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ya ja birkin hannu, ya kashe mota, sannan ya kifa kansa a kan sitiyari. Sai da ya gama duk wannan tukuna.

Maza huɗu suka ciccibe shi zuwa gindin wata dalbejiya. Idonsa a buɗe, yana kallona, amma gefen bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Mutane suka yi caa a kansa, wannan yana fifita da kwali, wancan ya kawo ruwa zai ɗura masa. Sai dattijuwar nan ta ratsa su, ta riƙe hannun mai ruwan ta ce, "Kada ka ba shi, zai shaƙe." Ta ce ta yi shekaru tana aiki a ɗakin shan magani na mishan a ƙauyensu kafin ƙarfinta ya ragu. Ta sa aka kwantar da shi a gefe, ta kama wuyan hannunsa, ta yi shiru tana ƙirgawa a ranta. Sannan ta ɗago ta ce, "Wane ne nasa a nan?"

Na ce, "Ni ce ƙanwarsa."

"Yana shan wani magani?"

"Na hawan jini."

"Shi kaɗai?"

Jakata tana rataye a kafaɗata, na ji kwalin yana tokare da haƙarƙarina. Mutum kusan saba'in sun kewaye mu, waɗanda saura ƙiris su mutu, kowa yana saurare. Na buɗe baki na ce, "Shi kaɗai na sani." Yayana yana kwance a ƙasa, rai a hannun Allah, ni kuma abin da ya fara zuwa mini shi ne yadda za a kalle ni. Na sha juya wannan a raina, har yau ban sami uzurin da zan ba kaina ba.

Dattijuwar ba ta saki hannunsa ba. Ta dube ni, ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji, ta ce, "'Yata, zuciyar nan gudu take kamar an koro ta. Wannan ba zafin rana ba ne. In akwai abin da ya sha, yanzu ne faɗinsa ke da amfani. Anjima ba shi da amfani ga kowa."

Na zuge jaka, na fito da kwalin. Ta juya shi gaba da baya, ta tambaye ni na mene ne, na ce na rage ƙiba ne, ni na sayo masa ta waya. Na jira ta zage ni, ko ta ɗaga shi ta nuna wa jama'a. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta mayar mini da shi a tafin hannu, ta naɗe yatsuna a kansa, ta ce, "Riƙe da kyau. Ki ba likita a hannunsa, ki gaya masa duka, kada ki rage komai."

Aka tare wata a-kori-kura, aka shimfiɗa Yaya a baya, muka juya zuwa asibitin garin da ya fi kusa. Dattijuwar ta bar tafiyarta ta biyo mu, ta tallafe kansa a cinyarta, tana kare masa rana da mayafinta har muka isa. Da ma'aikata suka karɓe shi, ta yi musu bayani da Faransancinta mai karaya, ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah ya tashe shi," ta fita neman wata motar. Ko sunanta ban tambaya ba. Ban sake ganinta ba.

Likitan da ke aiki ranar matashi ne. Na ba shi kwalin, na gaya masa komai tun daga farko. Ya ce yana da kyau da na faɗa, don hakan ya canza abin da zai ba shi da abin da zai guje wa. Suka yi ta fama har jinin ya ɗan sauka, washegari aka mayar da shi Garwa. A can aka tabbatar shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, amma Allah ya taƙaita. Likitan da ya fara duba shi, wanda ya hana shi ƙwayar, ya zo ya gan shi, sannan ya kira ni waje. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce ko maganin na gaskiya, wanda aka san kamfaninsa, ba a ba mutum sai an auna jininsa da zuciyarsa, a ba shi na ɗan lokaci, a riƙa dubansa, kuma akwai waɗanda ko kusa ba a ba su, irin Yaya. Ya ɗaga kwalin, wanda aka haɗo da takardun Yaya, ya ce, "Wannan kuwa, ni kaina ban san abin da ke ciki ba. Wadda ta sayar miki ma mai yiwuwa ba ta sani ba. Sau da yawa irin waɗannan akan cusa musu sinadaran da aka daɗe da hanawa saboda suna taɓa zuciya. Ke kin san nawa aka zuba a kowace ƙwaya?" Na girgiza kai. Ya ce, "To ni ma haka."

A ranar na rubuta wa matar shafin, na gaya mata abin da ya faru. Saƙon ya nuna ta karanta. Bayan 'yan mintoci ta toshe ni, kafin mako ya zagayo shafin ya ɓace. Bayan kamar wata guda na ci karo da hotunan nan dai, farar rigar nan dai, a ƙarƙashin wani sabon suna. Na rubuta gargaɗi a ƙasa, ba a yi awa ɗaya ba aka goge.

Gaya wa mutanen gida ya fi mini komai wuya. Na same su a barandar asibiti, Inna tana jan carbi, Adda tana zuba kunu a kofi. Na durƙusa na faɗi duka. Inna ta dube ni ta ce, "Ke da muke cewa kin fi mu gani." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Adda kuwa ta ajiye kofin ta ce, "Na zo har shagonki, Auta. Na tambaye ki." Ta tashi ta shiga ɗaki. Ta yi wata huɗu in na gaishe ta sai ta amsa a taƙaice ta kau da kai, ban kuma ga laifinta ba. Sai ranar da na zo na tarar tana fama ita kaɗai za ta ɗaga shi zuwa bayan gida, na kama ɗaya gefen. Da muka dawo da shi ta ce, "Gobe ma ki zo da wuri." Daga nan muka fara komawa daidai.

Maganar Yaya ta dawo a hankali, ƙafar ma ta dawo har yana takawa da sanda, amma hannun hagu bai koma yadda yake ba. Wata rana da hantsi ina matsa masa yatsun kamar yadda aka koya mana a asibiti, na fashe da kuka na ce ya yafe mini, ni na jawo masa. Ya bari na yi mai isata, sannan ya ce, "Ba ke kaɗai ba ce. Ke kin ce ɗaya a rana. Da na ga ranar komawa wurin likita ta matso, bibbiyu na riƙa sha. Na hawan jinin kuma na ajiye shi, na ga kamar magani ya yi mini yawa a ciki. Kuma ni likita ya kalla ya ce ba tawa ba ce, da kunnena na ji. Kowa ya ɗauki kasonsa." Ya kalli hannun. "Ni ba hannun ne ke damuna ba, Auta. Mutum saba'in. Da mata masu goyo. Tun daga shingen farko na san ba ni da lafiya, na ci gaba da tuƙi saboda kada a ce na kasa. In da mun faɗa ramin nan, me zan gaya wa Allah?"

Bai sake tuƙi ba. Mai kamfanin ya ji yadda ya tsayar da motar, ya ba shi kujera a tasha, yana lura da lodin kaya da saƙonni. Yana can har yanzu. In motar Yagwa za ta tashi, yakan taka da sandarsa ya je wurin taga ya dubi direban a ido, ya tambaye shi ko ya yi barci, ko ya karya. Matasan direbobi suna yi masa dariya a bayan ido, amma suna amsawa. Aikin da na so in cece masa, da hannuna na taimaka ya rasa shi. Garin neman gira muka kusa rasa ido, ba namu kaɗai ba, har da na bayin Allah da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Na daɗe ina tambayar kaina yadda aka yi mai hankali kamata ta faɗa wannan rami. Ba jahilci ba ne, don na iya karatu da harshe biyu. Ba mugunta ba ce, don babu wanda nake ƙauna a duniya kamar Yaya. Abin da na gano shi ne, ƙauna ce ta haɗu da gaggawa da jin kai, su ukun suka rufe mini ido. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kam na ɗanɗana. Iya latsa waya da iya karanta kwali ba su ne sanin magani ba. Wanda ya auna ka ya ce a'a, wannan a'ar tasa ma magani ce, ko da ɗaci gare ta. Wanda bai taɓa ganin fuskarka ba kuma yake ce maka e ga duk abin da ka tambaya, ba lafiyarka ce a gabansa ba, kuma ranar da ka faɗi ba za ka same shi ba.

Shi ya sa yanzu, in na ji zuciyata tana kauce wa tambayar wani masani saboda ina tsoron amsar da zai ba ni, na san shi ne mutumin da ya wajaba in fara tambaya. In kuma wani nawa ya kawo mini abin da ya fi ƙarfin sanina, ina buɗe baki in ce ban sani ba, tashi mu je wurin wanda ya sani. Da na iya faɗin wannan 'yar magana tun a wancan lokaci, da yayana yana da hannuwansa biyu.